Ginin da ke Bayan Kwari

Ranar da Aku ta fara kirana Mama ina kan keken ɗinki ne, ina haɗa hannun wata riga da mai ita ta ishe ni da sintiri. Yarinyar ta zo ta dafa min gwiwa ta ce, "Mama, ruwa."

Na tsayar da ƙafata. "Goggo dai," na ce. "Ni Goggonki ce, kin ji ko?"

Ta dube ni kamar na kawo zancen da bai shafe ta ba. "Mama, ruwa."

Na tashi na ba ta ruwan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, domin nawa 'ya'yan sun girma sun watse, sai dai murya a waya. Amma daɗin bai gama sauka ba tsoro ya danne shi. Yarinyar nan tana da uwa, uwar tana raye, kuma ga shi ana mantawa da ita a cikin ɗakina, a kan idona.

Aku 'yar ƙanena ce, Auta. Mu a gidanmu ba ma barin mutum da sunansa na gaskiya. Auta har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma Auta yake har gobe. Matarsa kuwa, ranar da ya fara kawo ta ta gaishe ni, doguwa siririya cikin farin mayafi, na ce masa daga ina ka samo mana balbela? Shi ke nan sunan ya bi ta. 'Yarsu ta zo da baki kamar rediyo, duk abin da aka faɗa sai ta maimaita, ita kuma ta zama Aku.

Sana'ar Auta da Balbela ɗaya ce, a wurin koyonta ma suka haɗu. Idan ma'aikata tana da kwamfutoci a gine-gine daban-daban, kowane gini yana harkarsa shi kaɗai, su ake kira su zo su haɗa su. Su ja waya daga wannan gini zuwa wancan, har abin da aka rubuta a ofis ya bayyana a sito ba tare da an aiki kowa da takarda ba. Iyakar abin da na fahimta ke nan, kuma ya ishe ni. Na sha yi wa Balbela faɗa a kan hawa rufin mutane da take yi, mace da 'yarta. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ƙanenki jiri yake ji in ya hau. In ban hau ba wa zai riƙe shi?"

Sai tari ya kama ta. Aka yi ta magani, ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. Daga baya likitoci suka ce tarin fuka ne irin mai taurin kan nan, wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Aka kwantar da ita a asibitin masu ciwon ƙirji, a wani bene da ke can ƙarshen fili, bayan wani kwari da ruwan sama ya haƙa. Manya suna iya zuwa su tsaya a bakin shingen waya da takunkumi a fuska. Yara kuwa ko ƙofar asibitin ba a bari su shiga. Aka kawo min Aku da jakar kayanta da wata 'yar tsana mai ido ɗaya, aka ce na ɗan lokaci ne.

Da farko akwai waya. Sabis ba ya sauka sosai a kwarin nan, sai Balbela ta je ƙarshen baranda ta ɗaga hannu sama kafin murya ta fita, hoto kuwa ba a ma zancensa. Duk da haka Aku tana jin uwarta, tana maimaita duk abin da ta ce. Sannan allurar da ake yi wa Balbela ta taɓa mata kunne. Ta ce abin ya fara da ƙara kamar kukan sauro, daga nan muryoyin mutane suka yi nisa, daga nan suka tafi gaba ɗaya. Ta daina kira, don ba ta iya jure yin magana ba ta san ko ana amsa ta ba. Auta ya gwada ɗaukar hotonta mai motsi a bakin shinge ya kawo wa yarinyar. Aku ta kalla, ta yi wa matar da ke ciki magana, matar ba ta amsa ba. Ta ture wayar ta koma wurin 'yar tsanarta.

Na jima ina juya maganar Mama a cikina kafin na gaya wa Auta. Ya zo cin abinci ne da yamma, na bari ya wanke hannu tukuna. Da na faɗa sai ya zuba wa yarinyar ido tana jera murafen kwalba a tsakar ɗaki. Na ce ko bai ji ba ne, har zan maimaita, ya ce, "Na ji, Yaya."

Ba a yi nisa ba ya dawo da labari. Asibitin yana neman wanda zai haɗa masa gine-ginensa: ofis, ɗakin gwaji, ɗakin magani, da ginin bayan kwari, don sakamakon gwaji ya riƙa isa wurin nas ba sai an tsallaka da shi a hannu ba. Ya nema, an ba shi.

"In layin ya isa ginin," ya ce, "marasa lafiya ma za a bar su su hau da wayoyinsu. Na tambayi babban likita, ya yarda. Za ta ga Aku, Aku ta gan ta, lokaci ɗaya. In yarinyar ta ɗaga mata hannu, ta ɗaga mata ita ma."

"Kai kaɗai za ka yi aikin mutum biyu?"

"Da ke za mu yi."

Na dubi jikina, na dube shi. Ni da in na hau kujera zan canja ƙwan fitila sai na yi addu'a. Na ce, "Auta, ciwon ya taɓa ka kai ma ne?"

"Waya kawai za ki riƙa sako min. Ba ki saba da zare ba?"

Haka na rufe shagona, na riƙa barin Aku wurin maƙwabciyata da safe, na zama 'yar aikin ƙanena da na goya. Leburori suka haƙa rami daga ofis zuwa ɗakin gwaji, aka shimfiɗa bututu, ni kuma aka zaunar da ni a gaban wani ƙaton kwarkwaro na katako da wayar ke naɗe a jiki. Aikina in juya shi a hankali yayin da Auta ke ja daga can ƙarshen bututun. In na yi sauri ta harɗe, in na yi nawa ya ƙwala min kira. Sau nawa na ce masa ya iya bakinsa, ni na yi masa wankan farko da ya san ruwa yana da sanyi. A kowane gini ya kafa wani ɗan akwati a bango, mai ramuka a jere, ya cusa bakin wayar. Idan koriyar fitila ta kama a akwatin, gini biyu sun san juna ke nan. Ranar da ta ɗakin gwaji ta kama, mai gwajin jini ya bar abin da yake yi ya zo ya tsaya yana kallonta kamar an haifa masa ɗa.

Da rana in an tashi hutu sai mu tsallaka kwarin ta wata 'yar gadar katako, mu tsaya a bakin shinge. Balbela ta sauko a hankali tana dafa bango. Ta rame har zoben hannunta ta mayar da shi babban yatsa. Magana take da ƙarfi yanzu, kamar mai kiran wani daga hayin kogi, don ba ta jin kanta. Auta yana amsa mata a rubuce a jikin kwalin da ya yago daga kayan aiki.

Ni na zaci miji da mata da aka raba za su yi zancen kewa. Ina! "Wace waya ka sa tsakanin ofis da ɗakin gwaji?" take tambaya. Ya rubuta. "Ka bar rara a bango ko ka ja ta ta yi tsam kamar yadda ka saba?" Ya rubuta, yana murmushi a bayan takunkumi, na gane daga idonsa. Sai can da za mu tafi take juyowa ta dube ni. Ni kuma in kwatanta mata da hannu cewa Aku ta ƙara tsawo, tana ci, tana barci. Sauran ban kwatanta ba.

Gini uku suka haɗu lafiya. Saura na bayan kwari, kuma nan ba a iya haƙa rami, don ruwa zai tone bututun tun a damina ta farko. Shirin shi ne a kafa wasu fararen faranti guda biyu, ɗaya a kan rufin ɗakin gwaji, ɗaya a ginin su Balbela, su fuskanci juna su riƙa aika saƙo ta iska. An yi odarsu daga nesa, ba su iso ba. Auta ya kira, aka ce suna hanya. Ya sake kira, aka ce suna hanya. Kullum in ya zo ɗaukata da safe sai ya ji Aku tana bina tana Mama, Mama, ya kau da kai ya yi kamar yana duba tayar babur.

Wata safiya na tarar ya ɗauko ragowar wayar jan ƙarfen da muka yi aikin cikin gine-gine da ita, yana ɗaura ta a sandar fitila.

"Wannan kuma fa?" na ce.

"Ta wucin gadi ce. Kafin faranti su zo."

Ni ban san komai ba, na ci gaba da juya kwarkwarona. Ya ja ta daga ɗakin magani, ta bi ta kan bishiyoyi, ta tsallake kwarin tana lilo. Muna isa ƙarƙashin benen muka ji murya daga baranda, wadda na tabbata har masu gadi a bakin ƙofa sun ji.

"Auta, me kake yi? Sauke wayar nan. Ta yi tsawo, ba za ta kai ba. Ga hadari kullum, kana so ka jawo wa mutane tsawa cikin ɗaki?"

Marasa lafiya suka firfito baranda suna kallo. Auta ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaurinsa. Na tsaya ina kallon ikon Allah, kurma tana magana, mai kunne biyu lafiyayyu ya ƙi ji.

Koriyar fitilar ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, ta yi ta ƙyafta ido kamar mai jin barci. Ko rubutu da ƙyar yake wucewa, balle hoto. Auta ya ce gobe zai san dabarar da zai yi. Ba a kai goben ba. Da la'asar hadari ya haɗu, muka fake a ɗakin magani, aka yi wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorana. Akwatin bango ya yi fat, wani wari ya tashi irin na dutsen guga da aka manta a kan leda. Duk fitilun suka mutu. Mai ba da magani, wadda ta fara sabawa da ganin komai a kwamfutarta, ta dubi Auta daga sama har ƙasa, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Babban likita mutum ne mai sanyin magana. Ya ce a gyara abin da ya ƙone kafin a taɓa komai. Ya ce ya san dalilin gaggawar, shi ma yana da iyali, amma in aka sake irin haka zai cire ginin bayan kwari daga aikin, a ci gaba da tsallaka takarda a hannu kamar da. Auta ya fito ya zauna a kan kwarkwaron katako cikin yayyafi. Na buɗe baki, na tara masa maganganu tun daga ɗakin magani, amma da na ga bayan wuyansa sai na haɗiye su. Na lulluɓa masa gefen mayafina kawai.

Washegari muka tafi bakin shinge ina jiran Balbela ta wanke shi tas. Ta sauko, ta dube shi, ya kasa ɗaga ido. Sai ta juyo wurina.

"Yaya," ta ce, da muryar nan tata mai ƙarfi, "mutumin nan ba ya rataya jan ƙarfe a sama da damina. Tun muna ɗalibai shi ke yi wa wasu dariya in sun yi. Me ke korarsa?"

Na yi kamar ban gane ba.

"Aku ce ko? Ta manta ni?"

Auta ya miƙo min kwalin da biro. Na riƙe su, hannuna ya ƙi rubuta komai. Ƙarya ta ƙi fita, gaskiya ta ƙi fita. Balbela ta daɗe tana kallon farin kwalin, sannan ta gyaɗa kai. Ta ce wa mijinta, "Ka sauke wayar. Ka jira faranti. Ka yi shi yadda muke yi." Ta juya ta hau bene, ba ta dafa bango ba a ranar, kuma na san don muna kallo ne.

Auta ya sauke wayar, ya canja akwatin da ya ƙone, ya jira. A ƙarshe faranti suka iso. Ya kafa tsani daga waje ya ɗaure ɗaya a bangon barandar sama ta ginin su Balbela, ya koma ya hau rufin ɗakin gwaji da ɗayan, kusa da tankin ruwa. Ya yi min bayani: sai farantin biyu sun kalli juna ido cikin ido, in ɗaya ya karkace ko da kaɗan saƙo ya bi iska. A bayan na barandar akwai ƙananan fitilu a jere. Yayin da yake juya nasa a can, fitilun za su riƙa ƙaruwa ko raguwa. Ni zan tsaya a ƙasa in duba, in gaya masa ta waya.

Shirin ya yi kyau a baki. Na tsaya a gindin bango na ɗaga kai, rana ta cika min ido, fitilun kuwa ƙanana kamar kan allura. Wayar hannu kuma ga ta a kwari ba sabis sosai, in ya ce "Yaya" sai in ji "ya", sauran ya ɓace. Tsakaninmu kuma manyan bishiyoyi ne, shi ma ba ya hango farantin daga can, yana lalube ne kawai cikin ganye.

"Sun ƙaru?" na ji ya ce.

"Ban sani ba. Kamar ɗaya, kamar babu."

"Me kika ce?"

"Na ce idona ba na yarinya ba ne."

Layin ya yanke. Na tsaya da zufa tana bin bayana, ina jin haushin kaina, da shi, da wanda ya dasa bishiyoyin.

Sai na ga Balbela ta fito baranda da ɗan madubin da ta ciro daga bangon banɗakinsu. Ta tsaya kusa da farantin, ta juya madubin har ya kama rana, ta jefa hasken ta wata 'yar kafa tsakanin rassan bishiyoyi. Daga inda nake, ta tsakanin ganye, na hango ɗigon haske yana yawo a jikin tankin ruwa, ya sauka, ya tsaya a ƙirjin Auta. Na ga ya miƙe tsaye. Ya daɗe a haka bai motsa ba, hannuwansa a sake, kafin ya tsuguna ya juyo da farantinsa wajen hasken.

Ashe haka suke yi tun farkon aurensu, in suna kan rufi biyu waya ta ƙi. Hasken yana nuna masa inda zai dosa. Muddin tana girgiza madubin, ya ci gaba da juyawa a hankali. In ta tsayar da shi cak, fitilu sun cika ke nan, ya ɗaure noti. Aiki ne da ba ya bukatar kunne.

Tana kallon fitilun tana girgiza madubin, tana kuma yi masa magana, shi da yake can hayi ba zai ji ba. "A hankali mana. Kullum gaggawa. Ka wuce, dawo. Yauwa, haka." Tun da aka kwantar da ita ban ji muryarta ta yi kama da ta Balbelar da na sani ba sai a lokacin. Na jingina da bango ina saurare, kewarta ta kama ni kamar ba ita ce a saman kaina ba.

"Sun cika," ta ce. Ta yi ƙoƙarin tsayar da madubin, amma hannuwanta rawa suke yi, ciwo ya cinye musu ƙarfi. Hasken ya ci gaba da karkarwa a jikin Auta, shi kuma ya ɗauka ana cewa ya ci gaba, ya ƙara juyawa, fitilun suka ragu. Ta yi tsaki. Ta sake dawo da shi da girgiza, suka sake cika, hannun ya sake cin amanarta. Wata nas ta matso za ta taimaka, ta girgiza mata kai alamar a'a. Ta durƙusa, ta ɗora gindin madubin a kan ƙarfen baranda, ta danne samansa da goshinta. Hasken ya tsaya cak. Daga can na hango Auta ya ɗauko sifana yana ɗaurewa, ita kuma ba ta ɗaga goshinta ba sai da ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama.

Aka sa kiran washegari da hantsi. Auta ya ce shi zai zauna a ofishin asibiti gaban akwatunansa, kada wani abu ya yanke ba ya kusa. Na san ba wannan ne kaɗai dalilin ba. Na yi wa Aku wanka, na sa mata rigar da na ɗinka mata, na zaunar da ita a cinyata a bakin gado, na jingina wayar da gwangwanin maɓallai.

Wayar ta yi ƙara, na danna. Ga Balbela, tar, ba takunkumi, ta ɗaura ɗankwali mai fure ta shafa kwalli. Ƙasusuwan fuskarta sun fito. Ta yi murmushi ta ɗaga hannu.

Aku ta kalla. Ba ta ɗaga nata ba. Ta sa babban yatsa a baki, ta matso jikina, ta ɗago kai ta zare yatsan ta ce min, "Mama, wace ce?"

Ba a bukatar kunne a gane kalmar Mama, leɓe biyu ne ke haɗuwa su rabu. Balbela ta gani, ta kuma ga wadda aka faɗa wa. Murmushin bai bar bakinta ba, amma hannun ya sauka a hankali. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Aku ta mayar da yatsa baki tana tsotsa, tana kallon baƙuwar ta gefen ido.

Sai Balbela ta matso da fuskarta, ta haɗe gira.

"Ke, cire hannun nan daga baki."

Yatsan ya fita kafin yarinyar ta san ya fita. Ta ɓoye hannun a bayanta. Ta zauna tsam, idonta a kan wayar, na ji ɗan jikinta ya ƙame a cinyata.

"Wa ya ce ki koma tsotson yatsa? Nuna min hannun in gani."

Aku ta fito da hannun a hankali ta miƙa wa wayar. Balbela ta miƙo nata ita ma, har tafinta ya rufe rabin hoton. Yarinyar ta zame daga cinyata, ta zagaya bayan gwangwanin maɓallai ta leƙa, ta dawo gaba ta duba, ta sake zagayawa. Ta tsaya a gefe tana magana ƙasa-ƙasa, fuskarta a wajen bango.

"Yaya, ina ta shiga?" in ji Balbela. "Magana take yi? Me take cewa?"

Babu kwali kusa da ni, babu biro. Na kamo yarinyar ta kafaɗu na tsayar da ita daidai gaban wayar, na ɗago mata haɓa. Ya yi min ciwo, na kuwa san abin da nake mayarwa, amma ba nawa ba ne tun farko.

"Sake faɗa," na ce mata. "A hankali, ta ga bakinki."

Aku ta ja majina. "Mama," ta ce, "ki fito."

Balbela ta zuba wa bakin ido. Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, kwallin yana gangarowa a kumatunta.

"Na ga kalmar farko," ta ce. "Ta bayan fa, Yaya? Me ta ce?"

Likita ya ce da sauran watanni masu yawa kafin a yi zancen sallama. Na dubi yarinyar, ta kafa tafin hannunta a kan gilashin tana jira. Na girgiza wa Balbela kai, alamar ba wani abu ba ne.

"To bar shi," ta ce. "Ki matso min da ita kusa, in ga haƙoranta."